Harshen da Ba Ya Azumi

Ranar ɗaya ga azumi, tun hantsi bai yi zafi ba, Zaiton ta tsaya a kan bahon ƙullun akok, wainar nan mai zaƙi ta ƙwai da madarar kwakwa, da ludayi a hannu, ta rasa yadda za ta yi. Ƙwan agwagwa ta fasa, madarar kwakwa ta tace, mazarƙwailar kwakwa ta narka, amma bakin da zai gaya mata ko zaƙin ya kai babu shi. Ita tana azumi, mijinta Rosdi yana azumi. Mu kuwa a nan jiharmu ta Kelantan, da ko miyar kifi sai mun yi mata barbaɗen suga, in ka kai wa mutane akok lami kasuwar buɗa-baki, to ka zubar da sunan gidanku har azumin baɗi.

Pok Seman, mahaifin Rosdi, yana zaune a kan matakalar gida yana jan carbi, a kan idonsa dabarar ta faɗo wa surukar tasa. Ya ga ta ɗaga kai ta dubi baranda, inda matarsa Mek Esah take kishingiɗe tana ba kyanwa labari.

Mek Esah ce ta kafa sana'ar, sunanta ne a jikin ƙyallen rumfarsu ta kasuwa. Ciwon suga ya daɗe tare da ita, ga shi shekara biyu ke nan kanta ya fara yoyo, mantuwa ta kama ta. Saboda haka bana liman ya ce azumi ya sauka daga kanta. A duk gidan ita kaɗai ce mai harshen da ba ya azumi.

"Mek, zo ki ɗanɗana mana," in ji Zaiton, da wata murya mai taushi da ba a cika jin ta da ita ba.

Tsohuwar ta sauko da sauri kamar an kira ta biki. Ta lashi ludayin, ta rufe ido, ta tambaya ko wanda ya dama ƙullun nan suga ya taɓa cizonsa ne da yake jin tsoronsa haka. Aka ƙara. Ta ce ƙullu maƙaryaci ne, sai ya ji wuta yake faɗin gaskiya. Rosdi ya zuba a tandar tagulla, ya ɗora garwashin ɓawon kwakwa a kan murfin, ga wani a ƙasa, aka ciro guda ya yi jawur ya yamutse. Ta cinye shi tas, ta lashe yatsa, sannan ta juyo wajen mijinta.

"Abe, me kake kallo? Da haƙorin naka guda ɗaya? Mayar da yawunka, tun safe za ka karya azumi."

Kowa ya yi dariya, har shi. Abe take ce masa shekara hamsin da biyu, kamar yadda kowace mace ke kiran mijinta. Sunayen maƙwabta sun zube daga kanta, na jikoki sun bi, amma wannan guda ɗayan yana nan daram. Pok Seman ba ya roƙon Allah wani abu mai yawa yanzu. Yana so dai in ta farka ta dube shi ta san shi ne, har ranar da ɗayansu zai wanke ɗaya.

A rana baho bakwai ake damawa. Kowane baho sai an kira ta, kuma kowane kira sabo ne a wurinta. Ta sauko da murnar nan, ta yi tambayar nan ta mai tsoron suga, ta ce ƙullu maƙaryaci ne, ta ci guda. In ta ce yau ba a ba ta komai ba tun safe, ba mai gyara mata zance. Rosdi har kwaikwayonta yake yi wa masu saye a kasuwa, su yi ta dariya suna cewa Allah ya ƙara wa Mek Esah lafiya.

Abin da ba a kai wa kasuwa labari shi ne, tunda azumi ya kama ba a sake ɗora tukunyar shinkafa da rana a gidan ba. Wa zai dafa? Duk murhun da ke gidan akok ne a kansa. In yunwa ta taso wa tsohuwa da azahar, sai Zaiton ta tura mata farantin waɗanda suka ƙone da waɗanda suka fashe, ta haɗa mata da shayi mai madarar gwangwani. Ƙwayar maganinta ta safe kuwa, da yake komai na gidan ya koma bayan magariba, ita ma ta koma can, ranar da aka tuna.

Pok Seman ya gwada dafa mata shinkafa da kansa. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana tuƙa keken haya mai ƙafa uku, bai taɓa auna ruwan tukunya ba. Abin da ya sauke, Mek Esah ta dube shi ta tambaya ko gini zai yi da shi. Ta ci loma biyu don kada ya ji kunya, ta ture.

Kafin kwana goma sai ga ta tana shan ruwa kamar mai zuba wa rami. Ta sha, ta zaga bayi, ta dawo ta sha. Pok Seman ya ga kiyashi sun yi layi a inda take tsugunawa. Zaƙin da take cewa a ƙara kullum gaba yake yi, domin harshen nata ma ya fara dakushewa, mutanen kasuwa kuwa sai cewa suke akok ɗin bana ya fi na bara. Ranar sha ɗaya ta yi sallar la'asar sau uku. A ta ukun ta tsaya a tsakiyar Fatiha, ta waiwayo tana nemansa da ido, sai da ya ja mata ayar. Wannan matar ce fa ta koya wa rabin matan unguwa karatu a kan barandar nan.

Washegari ya fito da tsohon kekensa, ya ba tayoyin iska, ya ɗora ta, ya tuƙa ta zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Tana zaune ta harɗe ƙafa, tana gaya wa duk wanda suka wuce cewa direbanta ya tsufa, canza shi za ta yi.

Nas ɗin da suka samu, wata 'yar garin Pasir Mas mai kaifin baki, Rohaya, ta soki yatsar Mek Esah ta dubi na'urar, ta girgiza ta, ta sake sukar wata yatsar. Sai ta ajiye ta tambayi Pok Seman me ake ba matar nan. Ya faɗa mata gaskiya. Da alama ta tuna cewa azumi take yi, bai kamata ta zagi dattijo ba.

Sai ta ce tunda shi ɗan gidan akok ne, da akok za ta yi masa bayani. Ƙullu ai ruwa-ruwa ake zuba shi, me ke sa ya yi ja ya daskare? Suga ne ke kama ƙwai idan sun ji wuta. To jikin mutum ma da irin abin da ke cikin ƙwai aka gina shi. In suga ya yi yawa a jini, manne wa abin nan yake yi, ba da garwashi ba, a hankali, shekara da shekaru, har ya ƙandare ya daina aikinsa. Haka yake yi wa ƙananan jijiyoyin ido da na ƙafa, haka na cikin kai. Ta ce masu bincike suna zargin ta wannan hanyar ce ciwon suga ke jawo ruɗewar tsufa, ko da yake ba su gama tabbatarwa ba.

"Amma abin da na tabbatar, Pok, shi ne wanda ya tafi ba zai dawo ba. Ragowar da ke hannunka ita za ka yi tattali. In aka ci gaba a haka, ba na ce maka za ta kai salla da saninka ba."

Mek Esah ta dafa gwiwar mijinta ta ce yarinyar nan ta san akok, a tambaye ta ko tana da miji.

Da suka koma gida, Pok Seman ya samu Rosdi yana loda tire-tiren akok a mota. Ya faɗa masa duk abin da nas ta ce, bai rage ba. Rosdi ba mugun yaro ba ne, kada a yi masa ƙarya. Shi ke yanke wa uwarsa farce, shi ke saya mata zani. Ya saurara da ladabi, kansa a ƙasa, sannan ya fara zuba uzuri kamar ya daɗe da tanadinsu. Ya ce guda nawa take ci, abu kamar tafin hannun jariri? Ya ce kakarsa ta sha suga har ta yi casa'in tana saka zare a allura. Ya ce mantuwa ta tsufa ce, kowa ya daɗe zai gan ta, nas ɗin nan yaushe aka haife ta? Ya ce Ayah, wato shi uban nasa, da kansa ya ga yadda fuskar Mek ke haske in an kira ta ɗanɗano, duk yini ba abin da ke sa ta dariya sai wannan, shi kam ba zai iya ƙwace wa uwarsa abu ɗaya da ya rage mata ba. A ƙarshe ya rufe ƙofar mota ya ce kwana goma sha takwas ne suka rage, bayan salla wallahi ko ƙamshin suga ba za ta ji ba.

Pok Seman bai haƙura ba, ya tafi wajen liman. Liman ya ce mai dafa abinci in ya ɗora a kan harshe ya tofar, bai haɗiye ba, azuminsa yana nan. Ya dawo da wannan fatawar yana sauri kamar ya tsinci magani. Zaiton ta karɓe ta da hannu biyu, ta ce Allah ya saka wa liman, amma ita dai ba za ta sa ibadarta cikin kokwanto ba. In wani abu ya wuce maƙogwaro fa? Wata guda ne a shekara. Kuma ita ba ɗura wa Mek take yi ba, da ƙafarta take saukowa. Kai, jama'a! Tsoron Allah irin wannan, da ake tsare azumi da jinin tsohuwa, ni dai ban san a wane littafi aka karanta shi ba.

Da ya kira 'yarsu da ke aure a Kuala Lumpur, ita ma cewa ta yi Ayah ya yi haƙuri, kada a ta da fitina a wata mai alfarma, in ta zo salla za a zauna.

Sai ya koma sata. Da safe kafin a fasa ƙwai, ya ɗauki matarsa a keke ya kai ta bakin kogi, ƙarƙashin rumfar masunta, da ƙunshin dafaffen kifi da ya roƙo a gidan wata da ba ta salla. Kwana biyu abin ya yi. Suna zaune tana ƙirga jiragen ruwa tana yi masa tsiya, wai da can a kan ƙafafunsa ta aure shi, yanzu sun koma kamar na zalɓe, a mayar mata da sadakinta. Ya ce ai shi ya biya sadakin. Ta ce to ya ƙara. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce a ransa ashe da sauranta.

A kwana na uku iska ta kawo ƙamshin hayaƙin ɓawon kwakwa daga wani gida. Mek Esah ta miƙe zumbur. Ta ce ta bar tanda a wuta, uwarta za ta dake ta. Uwar da ta rasu tun Rosdi yana goye. Ya rarrashe ta, ta ƙi. Ta kama hanya a guje ba takalmi, tana kuka irin na yara, mutane suna fitowa suna kallo. Da ƙyar ya kai ta gida. Ta zauna a matakala tana ta rusa kuka tana kiran uwarta, maƙwabta sun fara leƙe ta kan shinge. Zaiton ta ajiye farantin akok kusa da ƙafarsa ta koma bakin murhu.

Pok Seman ya dubi farantin, ya dubi shingen. Ya ɗauki guda, ya hura shi ya huce, ya sa mata a baki da hannunsa. Kukan ya tsaya nan take. Ta tauna, ta share hanci, ta ce, "Abe, kai kaɗai ke tausayina a gidan nan."

Bai sake kai ta bakin kogi ba. Ya gaya wa kansa abin da ɗansa ya gaya masa, cewa saura kwana kaɗan. Kunyar da ya ji ranar ba ta bar shi ba, amma kunya ba ta hana shi sake miƙa hannu ga farantin ba duk lokacin da kuka ya taso, kuma kullum sai ya taso.

Goman ƙarshe aiki ya ninka, domin ban da kasuwa ga masu sayen na salla. Baho bakwai ya koma sha biyu. Mek Esah ta daina yi wa ƙullu tsiya. A kira ta, ta sauko tana dafa bango, ta buɗe baki, ta ce a ƙara, ko me aka ba ta. Zaiton da kanta ta gane harshen ya mutu, ta koma auna mazarƙwaila da kofi yadda ta ga ana yi tun farkon wata, abin da tun tuni za ta iya yi. Amma ba ta daina kiran ta ba, don in bakinta yana motsi ba ta yawo, ba ta taɓa garwashi, ba ta tambayar ina uwarta. Tsohuwar ta fara ce wa Zaiton yarinyar masu gida. Rosdi kuwa wani lokaci ta kira shi da sunan ƙaninta. Shi sai ya amsa, ya ce ai duk ɗaya ne.

Ranar ashirin da bakwai ta kwanta bayan azahar, la'asar ta yi ba ta tashi ba. Pok Seman ya girgiza ta, idonta a buɗe rabi, leɓenta ya bushe, maganarta ba ta fita. Rosdi ya sauke tire-tire daga mota ya shimfiɗa ta a wurinsu. A babban asibiti likita ya ce sugan ya wuce abin da na'urarsu ta hannu ke iya nunawa, kuma akwai alamar wata ƙaramar jijiya ta toshe a kanta. Aka yi ta ƙara mata ruwa kwana uku. Rosdi ya yi kwana biyun farko a kan benci yana kuka, rumfar kasuwa dai ba a rufe ta ba, Zaiton ta riƙe. Ranar jajibere aka sallame ta don ta yi salla a gida. Tana tafiya da ƙafarta, tana cin abin da aka ba ta, ba ta ce wa kowa uffan ba.

Safiyar salla aka yi mata wanka, aka sa mata sabuwar riga kalar ganyen ayaba, irin wadda duk gidan suka ɗinka. Da maza suka dawo daga idi aka jera kujeru biyu a tsakar ɗaki kamar kowace shekara, domin neman gafara. Mata ce ke fara kama hannun mijinta, sannan 'ya'ya su zo a kan gwiwa, babba kafin ƙarami, kowa ya sa goshinsa a hannun iyaye ya roƙi a yafe masa na fili da na ɓoye. 'Yan Kuala Lumpur sun iso, jikoki sun yi layi har baranda, an ɗaga wayoyi ana ɗaukar hoto.

Pok Seman ya zauna kusa da ita. Ya jira ta kama hannunsa, ba ta kama ba. Sai shi ya miƙa nasa ya ɗora a kan nata.

Ta janye hannun a hankali, ta gyara mayafinta ta rufe wuya, ta matsa gefen kujera. Ba ta yi fushi ba. Cikin ladabi ta ce, "Yi haƙuri, malam, ni matar aure ce. Maigidan ya tafi idi. In shi kake nema, jira shi a waje."

Wani jika ya yi dariya, yana tsammanin tsiyar da ta saba ce. Pok Seman ya leƙa idonta yana neman tsiyar, bai same ta ba. Ya mayar da hannunsa kan cinyarsa. Waɗanda suka ɗaga waya suka sauke.

Rosdi ya rarrafo. Ya kifa goshinsa a gwiwarta, ya ce Mek ta yafe masa, ya cuce ta, ya sani, tun ranar da Ayah ya gaya masa ya sani. Zaiton tana bayansa a durƙushe, ta rufe fuska da mayafi. Mek Esah ta dubi ƙeyar wannan ƙaton mutum da ke jiƙa mata sabon zani, tausayinsa ya kama ta. Ta shafa kansa.

"Bawan Allah, me ka yi mini? Ni ban san ka da wani laifi ba. Yau salla ce, tashi ka je ka nemi uwarka, ita za ka roƙa."

Gafarar da suka ajiye sai bayan salla ke nan. Sun zo da ita a kan lokaci, da sabbin kaya, a kan gwiwa, yadda aka koya musu, sai dai matar da suka yi wa laifin ba ta nan balle ta karɓa. Wadda ke kan kujerar baƙuwa ce mai kirki, ba ta bin kowa komai.

Rosdi ya daɗe a durƙushe. Can ya juyo da gwiwoyinsa wajen ubansa, ya kama ƙafarsa, ya ce to Ayah ya yafe masa a madadinta, tunda shi ne mijinta, shi ya fi kowa saninta.

Pok Seman ya dubi ɗansa. Ya so ya tsane shi, bai iya ba. Ya dafa hannun kujera ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara, ya bar kujerar tasa, ya zagaya ya durƙusa a kan tabarma kusa da shi.

"Ba ni da wannan ikon, Rosdi," ya ce. "Matsa. Ni ma a layin nake."